Yadda za ka haɗa ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai rimot, ya nutse kuma ya dawo

Duk abin da aka jefa a ruwa yana iya nutsewa, dutse ma yana yi. Abin da ya raba ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa da dutse shi ne ya taso lokacin da ka ce ya taso, ya kuma taso ko ba ka ce ba, ranar da batir ya mutu ko saƙon rediyo ya yanke. Motar rimot in ta tsaya, takawa za ka yi ka ɗauko abinka. Jirgin sama in ya faɗo, ko ba komai ka tsinci tarkace. Wannan kuwa in ya ƙi tasowa, aikin watanni da kuɗinka suna can kwance cikin taɓo inda ido ba ya kaiwa. Saboda haka duk shawarar da zan ba ka, daga zaɓen bututu har inda za ka liƙa dalma, tambaya ɗaya take amsawa: in wannan abu ya lalace, jirgin tasowa zai yi ko ƙasa zai tafi?

Rediyo tukuna

Kada ka sayi komai sai ka warware maganar rediyo, domin nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu tun ba su fara ba. Kusan duk rimot ɗin da ke kasuwa yau na zangon rediyo na 2.4 GHz ne, kuma ruwa yana shanye wannan zango nan take. Da eriya ta shige ƙarƙashin ruwa da 'yan santimita, magana ta ƙare tsakaninka da jirgi. Ƙananan zanguna ne ke ratsa ruwa: 27 MHz, da 40 MHz da aka saba da shi a Turai, da 75 MHz na Amurka. A ruwan daɗi mai tsabta suna kaiwa zurfin mita biyu zuwa uku, wani lokaci fiye. A ruwan gishiri kuwa babu wanda ke aiki yadda ya kamata, kuma ruwan wurin ninƙaya mai yawan sinadari yana rage musu ƙarfi.

Matsalar ita ce kamfanoni sun kusa daina ƙera irin waɗannan, sai dai ka nemi na hannu. In ka samu, ka tabbata rimot da risiba, wato na'urar da ke karɓar saƙonsa a cikin jirgi, zangonsu ɗaya, kuma yana da layi huɗu aƙalla: ɗaya na gudu, ɗaya na juyawa, ɗaya na fikafikan baya masu ɗaga jirgi ko sauke shi, ɗaya na tankin nutso da ke shan ruwa jirgi ya yi nauyi. Mai layi shida ya fi, don za ka buƙaci ragowar nan gaba. In 2.4 GHz kaɗai ka iya samu, akwai mafita: ka ja eriyar da waya mai sulke har ƙolin madubin leƙen jirgin, ka yarda cewa ba za ka wuce zurfin da madubin ke waje ba. Hanya ce mai kyau ga mai koyo, domin jirgin da kake ganin kansa ba ya ɓacewa.

Wane jirgi za ka kwaikwaya

Misalin da zan bi shi ne jirgin Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu samfurin VIIC, wanda kamfanin Revell ke sayarwa a roba a ma'aunin 1 bisa 72. Na gaskiyar tsawonsa mita 67.1 ne, don haka naka zai kai santimita 93. An ƙera irinsa 568, kuma akwai ɗan'uwansa U-995 ajiye a bakin teku a garin Laboe kusa da Kiel, wanda hotunansa suka cika intanet, ga duk mai son ganin yadda ramuka da fikafikai suke a zahiri.

Sai dai in faɗa maka gaskiya, VIIC kyakkyawa ne amma matsattse. Faɗinsa na asali mita 6.2 ne, wato bai kai santimita 9 ba a hannunka, kuma bututun da zai shiga cikinsa ba zai wuce faɗin santimita 5 zuwa 6 ba. Ga farfela biyu, ga faifan juyawa biyu. Wanda bai taɓa wannan aiki ba, Skipjack na Amurka zai fi yi masa sauƙi: jirgi ne da ya fara aiki a 1959, jikinsa mulmulalle kamar kifi, farfelarsa ɗaya, kuma na kamfanin Moebius a ma'auni ɗaya ya ɗan haura mita guda, cikinsa da fili. Duk abin da zan faɗa yana aiki a kan su biyun.

Ka fahimci tsarin tun yanzu. Gangar jikin robar nan ba ita ke hana ruwa shiga ba. Riga ce kawai, ruwa na shiga yana fita ta ramukanta yadda ya ga dama. Jirgin na ainihi shi ne bututun da ke cikinta, wanda zan riƙa kira busasshen bututu. A nan batir da moto da risiba suke zaune.

Busasshen bututu

Da shi za ka fara, kuma kada ka taɓa kwalin Revell sai bututu ya kwana a ruwa bai sha ko ɗigo ba.

Ana yin sa da PVC na masu aikin famfo, ko akirilik, ko folikabonet. PVC ya fi arha kuma yana ko'ina, amma ba ka ganin ciki. Ni na fi son mai haske ko da zan jira a kawo shi, domin kana ganin ɗigon farko tun bai kai ga waya ba, kana kuma ganin baƙin layin da zoben robar murfi, mai hana ruwa shiga, ke yi a jikin bango. In layin nan ya yanke a wani wuri, to ga inda ruwa zai bi. Folikabonet ya fi jure bugu. Akirilik ya fi haske amma yana tsagewa, kuma kada ka goge shi da sifirit, ƙananan tsagu yake fitar masa.

Ka yanke bakin bututun a miƙe, ka ɗan zabge gefen ciki da magagari, ka bi da sanfefa mai laushi har ya zama ba ya kama yatsa. Kaifin baki shi ke yanka zoben roba a ranar farko. Murafe biyu kuma, ka kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe su fitar maka daga roba mai tauri, kowanne da kwari inda zoben zai zauna. Ka tafi da bututun da zoben a hannunka, kada ka ba su lamba kawai, domin bututu ba ya cika zama daidai da abin da aka rubuta a jikinsa. Abin da ake so shi ne zoben ya matsu da kamar kashi ɗaya cikin biyar na kaurinsa. In ya gaza haka ruwa zai wuce, in ya zarce sai ka yi kokawa kafin murfi ya shiga, wata rana bututu ya fashe. Ka yi amfani da baƙin zobe irin na bakanikai, ka shafa masa giris na silikon kaɗan. Giris ɗin mota yana lalata wasu robobi.

Kowane rami da ka huda a murfi ƙofa ce ka buɗe wa ruwa, don haka ka ƙirga su kafin ka ɗauki abin huji. Sandar farfela ta zama ta ƙarfen da ba ya tsatsa, kaurin milimita 3 ko 4, sumul ba ƙarzo, ta bi ta cikin ƙaramin sil mai leɓe, wato robar da ke kama sanda ta hana ruwa bi, leɓen yana fuskantar ɓangaren da matsi ya fi ƙarfi. Sandunan turawa na tagulla, waɗanda ke kai motsin sarbo, ƙaramin moton da ke turawa da jawowa bisa umarnin rimot, zuwa fikafikai, su bi ta ƙaramin zobe ko ta robar nan mai lanƙwasa kamar zugazugi. Wayar eriya ta fita ta raminta a cike shi da Araldite, a kuma toshe ƙarshen wayar da gam don kada ruwa ya taɓa jan ƙarfen. Sai abu ɗaya da ba na yin bututu ba tare da shi ba: bawul ɗin tayar keke, a dasa a murfin gaba.

Tsarin ciki kuwa, moto da sarbo a baya, tankin nutso a tsakiya, batir a gaba kuma a ƙasa. Ka ɗora komai a kan faranti ɗaya da ke manne da murfin baya, yadda in ka zare murfin duk kayan za su biyo shi kamar aljihun tebur.

Gwaji iri biyu ne. Na farko, ka rufe bututu babu kayan lantarki, ka tura iska kaɗan ta bawul, da sirinji ko da baki, ba da famfon keke ba, ka danna shi cikin baho. Ka juya sandar farfela da yatsa, ka tura kowace sanda ka jawo, kana kallo. Sil da yawa ba sa yoyo sai suna motsi. Na biyu, ka saki iskar, ka shimfiɗa takardar tishu a ciki, ka ɗaura masa nauyi ya kwana a gindin durom cike da ruwa. Da safe tishu zai gaya maka gaskiya. In ka ga danshi kada ka ce ai kaɗan ne. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ɗigon da ya shiga a zurfin durom zai zama cokali a zurfin mita biyu, domin kowace mita tana ƙara matsin da ya kai gram 100 a kan kowane murabba'in santimita.

Tankin nutso

Hanya biyu ce jirgi ke nutsewa. Ko ya zama mai ɗan sauƙi fiye da ruwa, gudu da fikafikai su danna shi ƙasa, in moto ya tsaya ya taso da kansa. Ko kuma ya sha ruwa a tanki ya yi nauyi, ya sauka ko yana tsaye, yadda na gaskiya ke yi. Ta farko ba ta da haɗari, amma sai jirgi ya yi gudun da bai dace da girmansa ba, kuma ba zai zauna a kan ruwa daidai layin ruwansa ba, wato inda ruwa ke tsaya wa na gaskiya a jiki. Shawarata ita ce ka haɗa biyun: tanki ya sauke shi har ya rage ƙolin hasumiya kaɗai a waje, ragowar 'yan giram ɗin fikafikai su ƙarasa. Da haka ko komai ya mutu alhali tanki na cike, jirginka zai dawo a hankali ya leƙo.

Girman tanki ba a cankarsa. VIIC na gaskiya nauyinsa tan 769 ne a saman ruwa, 871 a nutse. In ka raba bambancin, tan 102, da 72 sau uku, za ka samu kusan gram 273. Amma naka ba lallai ya buƙaci haka ba, tunda gangar jikinsa ruwa ke cika ta. Abin da tanki zai ɗaga shi ne robar da ke saman layin ruwa kawai. Ka ɗora doron jirgi da hasumiya da bindiga da duk abin da zai kasance a sama a kan sikelin kicin. Nauyin robar nan ya yi kusa da na ruwa, don haka yawan giram ɗin da ka gani shi ne kusan yawan mililitar da kake buƙata. Ka ƙara kashi goma cikin ɗari. Wannan lissafi yana aiki ne in busasshen bututun gaba ɗaya yana ƙasa da layin ruwa. Darasin da ke ciki kuma a fili yake: duk abin da ka rage a sama, ka rage girman tanki.

Akwai masu amfani da gas na gwangwani su kore ruwa, akwai masu hura jakar roba irin ta na'urar awon jini da ƙaramin famfon iska. Biyu zan tsaya a kai, don su ne mutum zai iya yi da kayan da ke kusa.

Na farko fistin. Babban sirinji ne, na mililita 100 ko 150, sandarsa mai zare, ƙaramin moto mai giya yana juya noti ya ja fistin baya, ruwa ya shigo ta tiyo daga waje. Kamfanin Engel na Jamus ya yi suna wajen sayar da irinsa a haɗe. Amfaninsa shi ne kana iya tsayar da shi a ko'ina, ka auna nauyin jirgi da giram. Dole ka sa makunnin iyaka a kowane ƙarshe, in ba haka ba moto zai ci gaba da ja har wani abu ya karye. Sannan ka kula da wannan: fistin in ya ja baya, iskar cikin bututu yake matsewa. A ce filin iska a bututunka mililita 800 ne, fistin ya cinye 150. Matsi zai ƙaru da kusan kashi 23 cikin ɗari. A kan murfi mai faɗin santimita 6, wannan ya haura kilo shida yana tura shi waje. Murfin da zobe kaɗai ke riƙe da shi zai fice a ƙarƙashin ruwa. Ka ɗaure murafen biyu da dogayen sanduna masu zare, ko ka kafe su da ƙusoshi ta gefe.

Na biyu famfo mai matsa tiyo, irin wanda ƙafafunsa ke birgima a kan tiyon roba suna tura ruwa, yana cika jaka a cikin bututu. In ka juya wuta ya zuƙe ruwan ya fitar, in ya tsaya kuma tiyon a matse yake, ba ka buƙatar bawul. Yana da jinkiri, kuma shi ma yana matse iskar ciki, amma ya fi sauƙin haɗawa a matsattsen wuri kamar VIIC. Ka sa jakar cikin ƙaramin keji don kada ta kumbura ta danne wayoyi, kuma kada ruwan ya riƙa gudu gaba da baya.

Ko wanne ka zaɓa, tsakiyar tanki in ya cika ta zauna daidai tsakiyar nauyin jirgi. In ta kauce, jirgi zai riƙa nutsewa da ka ko da gindi, kuma babu dalmar da za ta gyara masa zama a sama da ƙasa lokaci guda.

Kafin ka bar wannan mataki, ka sa na'urar ceto. 'Yar ƙaramar na'ura ce tsakanin risiba da tanki: in saƙo ya yanke na 'yan daƙiƙu, ko ƙarfin batir ya sauka, ita da kanta take ba da umarnin a fitar da ruwa. Wasu na lissafa ta cikin kayan ƙari na gaba. Ni ban yarda jirgi mai tanki ya taɓa ruwa ba tare da ita ba. Ka gwada ta a kan tebur: cika tanki, kashe rimot, ka ga ko zai zubar.

Wuta

Nan ba sai an daɗe ba. Moto mai burushi ƙarami ya isa, biyu ga VIIC ko ɗaya da giya mai raba juyi, farfelolin suna juyawa saɓanin juna don kada jirgi ya karkata. Ka liƙa kafasita uku a kan kowane moto, ɗaya tsakanin ƙafafunsa, ɗaya daga kowace ƙafa zuwa jikinsa, domin tartsatsin burushi yana rikita rediyon ƙananan zanguna. Ka murɗa wayoyin moto da juna, ka nisanta risiba da su, ka sa fis kusa da batir. Na'urar daidaita gudu ta zama mai baya, don jirgi ba shi da birki sai ita.

Batirin NiMH ya fi haƙuri da danshi, nauyinsa ma amfani ne tunda dama za ka sa dalma. LiPo ya fi ƙarfi a ƙaramin wuri amma ba ya yafe kuskure. Ko wanne ne, kada ka taɓa yin caji bututu na rufe. Wasu batura suna fitar da iskar haidurojin, kuma tartsatsin moto ɗaya ya isa ya tarwatsa bututun a hannunka.

Gangar jiki

Yanzu ka buɗe kwali. Revell ya raba jikin hagu da dama, kai kuma kana son sama da ƙasa. Ka haɗa ɓangarorin, ka ƙarfafa ɗinkin daga ciki, sannan ka yanka a kwance da siririn zarto daidai layin ruwa ko inda doro ya haɗu da jiki, yadda saman zai ɗagu kamar murfin akwati. Ƙananan maganaɗisu ko ƙusa ɗaya a ɓoye za su riƙe shi.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne ramuka. Dogayen layukan ramukan da ke gefen VIIC a zane kawai suke a robar, sai ka kankare bayansu har su yi siriri, ka huda, ka gyara da ƙaramin magagari ɗaya bayan ɗaya. Aikin kwanaki ne, kuma gaggawa a nan tana barin tabon da fenti ba ya rufewa. Ka buɗe manyan ramuka a ƙasan ciki don ruwa ya shiga da sauri. Sannan ka kifa tunaninka ka zama iska: ina za ka maƙale in ruwa ya taso? Ƙarƙashin doro, cikin hasumiya, ƙarshen hanci, ƙarshen wutsiya. Kowane irin wannan lungu yana son rami a ƙolinsa, na milimita 2 ko 3, domin ƙaramin rami ruwa ke rufe shi da yana, iska ta kasa fita. Ƙwayar iska ɗaya a hanci tana iya ɓata maka saitin yini guda, kuma gobe ba za ta tsaya a wuri ɗaya ba.

Fikafikai da fayafayan juyawa na kwali ka cire musu sandunan roba ka sa na tagulla masu juyawa cikin bututun tagulla. Farfela ma ta tagulla ta fi. Ka yi wa busasshen bututu gado biyu a ciki da ƙusa mai kafe shi, yadda kullum wuri ɗaya zai zauna. Gocewar rabin santimita tana sauya zaman jirgi. Inda sandunan bututu ke haɗuwa da na gangar jiki, maganaɗisu biyu masu kama juna suna sauƙaƙa cirewa da mayarwa.

Saiti a ruwa

A nan ake gane wanda ya yi haƙuri. Kana buƙatar ruwa mai tsawon da ya fi jirgi: kwamin shayar da dabbobi, ko tankin siminti irin na masu buga bulo. Kayan aikin biyu ne, dalma da soso. Dalmar da masu gyaran taya ke maƙala wa ƙafar mota ta wadatar, ka wanke hannu bayan ka taɓa ta. Soson kuma ya zama mai tauri wanda ba ya shan ruwa, ba na katifa ba. Soso mai laushi yana matsewa in jirgi ya yi ƙasa, jirgi ya ƙara nauyi, ya ƙara yin ƙasa, ka ga hanyar ɓata ke nan.

Ƙa'idar ita ce dalma can ƙasa, soso can sama amma akasarinsa ƙarƙashin layin ruwa. Nisan da ke tsakaninsu shi ke hana jirgi kifewa. Ka fara da tanki a cike, ka jijjiga jirgin a ruwa iska ta fice. Ka yi ta ƙara dalma da soso, kana riƙe su da roba na wucin gadi, har jirgi ya kwanta a miƙe, hasumiya kaɗai ta ɗan leƙo. Ka danna shi da yatsa zuwa ƙasa ka saki: ya taso a hankali, a miƙe. Ka karkata shi gefe ka saki: ya dawo nan da nan. In yana jinkiri, ƙara dalma a ƙasa da soso a sama tare.

Sai ka zubar da tanki ka duba layin ruwa. Ga sirrin da ke rage wahala: soson da ke ƙasa da layin ruwa yana aiki a sama da ƙasa, wanda ke saman layin kuwa sai an nutse yake aiki. Don haka in zaman nutse ya yi daidai amma a sama gindi ya yi ƙasa, kada ka ƙara komai. Ka ɗauki soson baya da ke saman layi ka saukar da shi ƙasan layi. In hanci ya ɗaga da yawa, ka mayar da ɗan soson gaba sama. Za ka yi ta kai da kawowa tsakanin cika tanki da zubarwa, wataƙila sau goma. Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a kowane zagaye. In ya zauna, ka busar da jiki, ka liƙa komai da gam, ka sake gwadawa, domin gam ma nauyi ne.

Ranar farko

Ka nemi ruwa mai haske wanda zurfinsa bai wuce ƙirjinka ba, da izinin masu wurin. Kududdufi bai dace ba: ba ka ganin jirgi, leda da ciyawa suna naɗe farfela, kuma shiga irin wannan ruwa neman jirgi yana jawo tsargiya, ban da haɗarin nutsewar mutum. Babu jirgin da ya kai ran mai shi. A fitowar farko ka ɗaura masa zaren kamun kifi da ɗan abin da ke yawo a sama.

Zafin ƙasarmu yana da nasa sharri, kuma na ɗanɗana shi. Na taɓa rufe bututu bayan ya sha rana, na sa shi a ruwa mai sanyi, na tarar da ruwa a ciki alhali ya ci gwajin durom. Iskar da aka rufe tana da zafin digiri 45, in ta sauka zuwa 25, matsinta yana raguwa da kusan kashi shida cikin ɗari, kamar ka ƙara wa jirgi zurfin santimita 60 ne, bututun yana zuƙo ruwa ta sil. Tun daga ranar nake ajiye shi a inuwa, in sa shi a ruwa minti biyar ya huce, in fitar in danna bawul matsi ya daidaita, sannan in fara. Kada kuma ka bar jirgin a rufaffiyar mota da rana, robar tana lanƙwashewa.

Ka kunna rimot kafin jirgi. Ka yi zagaye a sama tukuna, ka ga faɗin da yake buƙata kafin ya juyo. Game da gudu, ana raba gudun na gaskiya da tushen ma'auni, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba 72, kusan 8.5. VIIC yana yin nota (ma'aunin gudun jiragen ruwa) 17.7 a sama da 7.6 a nutse, wanda ya zama kamar mita ɗaya a daƙiƙa a sama, ƙasa da rabin mita a nutse. Tafiyar mutum mai nutsuwa ke nan, kuma a haka ya fi kyan gani. Ka cika tanki yana tsaye, ka zubar, sau uku. Sannan ka cika, ka ba shi wuta kaɗan, ka ɗan taɓa fikafikai. In hanci ya yi ƙasa da yawa, kada ka ƙara wuta: ka saki, ka ba shi baya. Minti goma sun isa, ka fitar ka leƙa bututu.

Abin da za ka ƙara daga baya

Za ka lura jirgin yana tafiya yana sama da ƙasa kamar kifin da ke wasa, domin kafin idonka ya ga karkata hannunka ya makara. Maganinsa na'urar daidaita kwanciya, wadda ake sawa tsakanin risiba da sarbon fikafikan baya. Tana jin karkatar jirgi tana gyarawa kafin ka gani. A duk ƙarin da ake yi, babu wanda ke sauya tafiyar jirgi kamarta. Ka kafa ta a miƙe daidai da jiki, ka fara da ƙaramin ƙarfi, in fikafikai suna rawa ka rage. Bayan ita sai ka ba fikafikan gaba layinsu, su riƙe zurfi, na baya su riƙe kwanciya. Mai son ya ƙara gaba yana iya sa na'ura mai jin matsin ruwa ta tsayar da jirgi a zurfin madubin leƙe.

Makunni mai aiki da maganaɗisu yana ba ka damar kunnawa daga waje ba tare da buɗe murfi ba, kuma duk buɗewar da ka rage ka ƙara wa zobe kwana. Wayoyi biyu tsirara a ƙasan bututu, haɗe da na'urar ceto, za su sa jirgi ya taso da zarar ruwa ya taɓa su. In juyawa ta yi faɗi, ka ƙara wa fayafayan juyawa tsawo da roba mai haske wadda ba a gani a ruwa. Fenti shi ne na ƙarshe, bayan jirgi ya yi tafiya sau da yawa ba matsala, kuma bayan fenti sai an sake ɗan saiti, an kuma bi ƙananan ramukan iska an buɗe waɗanda ya toshe.

Duk ranar da ka dawo daga ruwa, ka ɗauraye jirgin da ruwa mai tsabta, ka zubar da tanki sarai, ka zare murafe ka bar bututu a buɗe ya sha iska, ka cire batir. In LiPo ne ka ajiye shi a kusan bolt 3.8 a kowane ɗakin batir. Ka goge zobba ka duba ko gashi ko yashi ya maƙale, ka sake shafa giris, ka ɗiga mai a sandar farfela. Ka kuma ajiye ɗan littafi kusa da akwatin jirgin, ka rubuta nauyinsa a bushe, da inda kowace dalma take, da abin da ka sauya a ranar, don in wata rana ya zauna a karkace ka san inda za ka fara dubawa.